Mutumina ya kasa shiga zaure, amalanke kuma yana nutsewa ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim, ina koyon haɗa gem da manhajar Godot. Na zana zauren gidanmu da amalanken shanu a Blender, manhajar zanen 3D. Amma a cikin gem ɗin, mutumina na zuwa ƙofar zaure sai ya tsaya cak, amalanken kuma ko ya yi ta rawa ko ya nutse ƙasa. Yaya zan sa siffar karo, wato siffar da gem ke amfani da ita wajen gane abubuwa sun taɓa juna, ta yi daidai da zanen?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka cire wa ranka cewa dole su yi daidai. Abin da ido ke gani daban, abin da injin lissafin motsi ke taɓawa daban. Zanenka raga ce ta dubban alwatika, injin kuwa sau 60 yake duba karo a kowace daƙiƙa a Godot, don haka siffa mai sauƙi yake so.

Zauren tukuna. Na tabbata dunƙulalliyar siffa guda ka sa Godot ya yi maka, irin wadda ba ta yarda da lungu ko rami. Kamar ka rufa wa ginin tampol ne ka ja shi tamau: ƙofa ta toshe, cikin ɗaki ya cike. Shi ya sa kake ganin ƙofa a buɗe amma ba shiga. Tunda zaure ba ya motsi, kana iya ba shi siffar da ke bin alwatikan ragar ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin StaticBody3D, wato jikin da Godot ya tanada don abin da ba ya motsi, ƙofa za ta buɗe. Ni dai na fi son a koma Blender a gina wani zauren na biyu, fayau, bango da rufi kawai, a ƙara -colonly a ƙarshen sunansa. Idan Godot ya shigo da shi ba zai nuna shi ba, karo kaɗai zai yi da shi. Zankwayen saman soro da adon bango duk ka bar su ga ido, ba wanda zai je ya yi karo da su. Dokin ƙofa ma ka cire shi daga siffar karo ko ka mai da shi ɗan gangare, in ba haka ba nan ƙafar mutuminka za ta riƙa sarƙewa.

Amalanken kuwa akasin haka ne. Siffar da ke bin alwatika fanko ce, fata ce kawai ba ciki, an yi ta don abin da ke tsaye. Ka ɗora ta a kan RigidBody3D, wato jikin da injin ke motsawa, to ga rawa ga nutsewa. Unity ma, wani injin haɗa gem, tun 2015 ya daina yarda da ita a kan abin da injin ke motsawa. Ka haɗa amalanken da sassa: akwati ɗaya shimfiɗaɗɗe a matsayin gadonsa, sirara a gefuna idan kana so a loda buhuna a ciki, dogo guda na sandar da ke zuwa wuyan shanu. Tayoyi ka gwada ƙwallo, don silinda ta sha ba da matsala a injin Godot na asali. Mutumin kansa siffa irin ta kafson magani ta ishe shi, gindinsa mai santsi ne, ba ya maƙalewa.

Ka duba ƙasar ma. Abin da ke gudun mita 30 a daƙiƙa yana tsallake rabin mita tsakanin dubawa biyu, sai ya ratsa siririyar ƙasa injin bai gani ba. Fili shimfiɗaɗɗe irin namu, akwati mai kauri ya wadatar, inda akwai tudu da kwari kuma sai HeightMapShape3D, siffar da ke bin hawa da saukar ƙasa. Wannan sauƙin zai yi maka rana, domin abokanka a ƙananan wayoyin Tecno da itel za su buga gem ɗin.

Kafin ka fitar da komai daga Blender, danna Ctrl da A ka tabbatar da girmansa, kada ka zo kana miƙe siffar karo ta ɓangare ɗaya a Godot. Sannan ka shiga Debug ka kunna Visible Collision Shapes, ka tura mutuminka ƙofar zauren, za ka ga layukan abin da ke tare shi.