Amsa ga Hajiya: An haifi wata, me ya hana a gan shi?

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce manhajar wayarki ta nuna an haifi wata tun da hantsi, amma da magariba aka duba yamma ba a ga komai ba, to wa ya yi kuskure? Wallahi Hajiya babu wanda ya yi kuskure. Haihuwar wata daban, tsayuwarsa daban.

Abin da masana falaki ke kira haihuwa shi ne lokacin da wata ya zo saitin rana, yana tsakaninta da duniya. Wannan kam ana lissafa shi har minti, shi ya sa ake faɗin ranar husufi tun saura shekaru. Sai dai a daidai lokacin, gefen da rana ke haskawa ya ba mu baya. Dole sai ya ɗan matsa, kuma tafiyar tasa kusan digiri 12 ce a kwana guda, wato rabin digiri a awa. Wani Bafaranshe, André Danjon, ya nuna tun 1932 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kusan digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa. To ki lissafa da kanki: daga hantsi zuwa magariba awa nawa ne? Ko goma bai cika ba. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido zalla, a 1990, ya kai kusan awa goma sha biyar da rabi.

Kuma ma awanni kaɗai ba su isa ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Minti nawa zai yi a sama bayan rana ta faɗi? Idan minti goma sha biyar ne, yana nutse cikin jan nan na faɗuwar rana, kafin duhu ya shigo ya riga ya bi ta. Mutanen Babila na da sun fi yarda da minti 48. Ga hazo, ga gajimare. Kuma wanda ya saba dubawa ya san abin siriri ne ƙwarai, kamar zaren da aka lanƙwasa, ka ɗauke ido ka sake nemansa ka rasa. Wani sai ya hango guntun hayaƙin jirgi ko tauraruwar Zara ya rantse wata ne, da zuciya ɗaya kuwa.

Sannan wurin da kake yana da tasiri. Na yamma rana tana faɗi musu daga baya, watan ya ƙara awanni, sai su gani alhali na gabas ba su gani ba.

Kalanda kuma, ita tsara ta ake yi tun kafin lokaci. Ta Ummul Ƙura ta Saudiyya sharaɗinta biyu ne: a haifi wata kafin faɗuwar rana, kuma ya faɗi bayanta a Makka, ko da da minti ɗaya. Ba ta ce an gan shi ba. Shi ya sa takan riga gani da kwana ɗaya. Matsakaicin wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, don haka wani ya yi 29 wani 30, shekara ta tashi 354 ko 355.

Ni dai a ganina, lissafi ya fi ƙarfi wajen cewa "yau ba zai yiwu ba" fiye da "yau za a gani". Hukuncin azumi da salla kuma na malamai ne da masu alhakin sanarwa, ba nawa ba.

Af, Alhaji ma ya yi tambaya, wai gobe idan ya fito ƙato ai ɗan kwana biyu ne. A'a Alhaji. Wanda aka haifa yau da hantsi, gobe da magariba ya haura awa talatin, dole ya fito da kauri, ya kuma daɗe a sama, alhali daren farkonsa ke nan. Wassalam.