Mutum Tara Yake: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗan kasuwa daga Kusiri ya rubuto yana cewa: "Malam, karin maganar nan 'mutum tara yake, bai cika goma ba', raina ɗan Adam take yi ko uzuri take nema masa?"

Ɗan'uwa, ba raini a cikinta. Bahaushe bai ce mutum ɗaya yake ko biyu ba, tara ya ba shi cikin goma, kuma tara ba ƙaramin rabo ba ne. Wannan ya dace da aya ta 70 a Suratul Isra'i, inda Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam. A cikin surar dai, aya ta 37 ta hana tafiya da taƙama, domin ba mai iya tsaga ƙasa ko ya kamo duwatsu a tsawo. Taran ita ce karamar da aka yi mana, ɗayan da ya rage kuwa shi ke tuna wa bawa cewa cika ta Ubangiji ce.

Abin da ke damuna shi ne bakin da take fitowa a yau. Ka kai wa tela shadda tun farkon azumi, daren jajibiri ka tarar ya yanke hannun riga guntu, kafin ka buɗe baki sai ya ce maka ai mutum tara yake. A'a! Wanda aka yi wa laifi ne ya kamata ya faɗe ta, lokacin da zai yafe. Mai laifi nasa "na tuba" ne.

Ku na Kusiri da ke bakin gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kamaru da Chadi, kun san makwabtanku na Injamena suna ce wa mutum "nadum" a Larabcinsu. Asalinsa "ibn Adam", wato ɗan Adam ɗinmu.

Wata malamar Islamiyya daga Garwa ta tambayi bambancin tawali'u da ƙasƙanci. Malama, tawali'u aro ne daga Larabci, daga tushen da ke nufin ajiye abu ƙasa. Harafin "lad" na Larabawa yakan koma "l" a bakinmu, shi ya sa muke cewa alƙali, alwala, farilla da larura. Mai tawali'u shi ke sauke kansa da kansa alhali yana da ikon ɗagawa, kamar attajirin da ya cire takalmi ya tsuguna gaida malaminsa na allo. Ƙasƙanci kuwa wani ne ke ɗora wa mutum, ko kwaɗayi ya ja masa. Hausarsa ta gida ita ce ƙanƙan da kai, kuma na fi son a fara koya wa yara da ita, don kishiyarta, girman kai, tana kusa da kunnensu.

Mai tambaya daga Marwa kan kalmar "duniya": ita ma Larabci ce, ma'anarta ta kusa ko ta ƙasa. Lahira kuma daga "al-akhira" take, wato ta ƙarshe.