Likita, Sikeli Ya Ƙi Motsi Bayan An Min Aikin Rage Tumbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema, an min aikin rage tumbi a Alƙahira wata takwas kenan, da farko abin ba a magana na tashi daga kilo 126 na dawo 101, to yanzu kusan sati shida sikeli ya tsaya cak, ga shi wallahi ba wani abincin kirki nake ci ba loma uku huɗu na ƙoshi, yawanci ma kunu ne da shayi sai 'yar fura da rana. Har na fara tunanin ko tumbin ne ya sake buɗewa, wata ƙawata kuma ta ce in sayi shayin rage ƙiba. Ya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ya ƙarfin jiki? Ki kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba. Kusan duk wanda aka yi wa wannan tiyata sai ya gamu da irin wannan tsayawar, wasu tun sati na uku ma suke fara gani, kuma raguwar nauyi takan ci gaba har wata 12 zuwa 18 bayan aiki. Jikin da ya zubar da kilo 25 ba ya ƙona abinci kamar da, ya rage buƙata, shi ya sa abin da ke sa ki rama a wata na biyu yanzu riƙe ki kawai yake a wuri ɗaya.

Amma fa amsarki tana cikin tambayarki, kunu, shayi, fura. A irin wannan aikin ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage siriri ne, yana tare abinci mai ƙarfi irin nama da ƙwai amma ruwa-ruwa wucewa yake abinsa ba ya zama balle ki ji ƙoshi, to in kin sha shayi mai kauri da madara da sukari da safe, ki dama fura da sukari da rana, kunun gyaɗa da dare, wataƙila da zoɓo ko lemon kwalba a tsakani, kina ganin ba ki ci komai ba alhali abin da ya shiga ya ishi jiki ya ƙi taɓa kitsen da ya ajiye. Haka cincin da biskit da alkaki, narkewa suke a baki su zarce. Wannan shi ya fi damuna da marasa lafiya irinki, suna wahala da yunwa kuma sukari na shiga ta kofi.

Ki juya tsarin. Abincin gina jiki shi za ki fara kai wa baki kullum, ana so ki samu giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba, kin ga sai kin haɗa da kifi, kaza, alale, wake, kindirmo marar sukari, awara ma tana da kyau in ba a tsoma ta a mai ba. Sai ganye ya biyo baya, zogale ko alayyafo, tuwo da shinkafa su zo ƙarshe in da sauran wuri. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kaɗan-kaɗan cikin yini, amma kar ki haɗa shi da abinci, ki bari sai bayan minti 30. Kuma dan Allah kar ki ce za ki ƙara rage cin abinci, tsokarki za ki cinye, tsoka kuwa ita ke ƙona abincin.

Motsa jiki ba ki ambace shi ba sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati, wato tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar, ko a tsakar gida ne. Ki ƙara da na ƙarfafa tsoka sau biyu a sati, zauna-tashi a kujera, tura bango da hannu, ɗaga robar ruwa, in dai likitanki ya sallame ki. Ki riƙa auna ƙugunki da tef ɗin tela, sau da yawa sikeli na tsaye amma siket yana yin yawa.

Shayin rage ƙiba kam ban yarda ba, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sa mutum, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba, ke kuma da ma da ƙyar kike samun ruwan da ya ishe ki.

In kina da aure ki yi gwajin ciki, haihuwa kan dawo wa mata da sun rame, kuma an fi so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin. Bitamin ɗinki kar ki daina sha. Tunda a waje aka miki aiki ki nemi likita a nan gida da zai riƙa bibiyarki, a duba jininki, sinadarin ƙarfe na jini, bitamin B12, bitamin D da maƙoƙo. Ki gwada tsarin nan wata guda kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki har abin sha, in bai motsa ba ki kai wa likitan takardar. Amma in amai ya matsa miki ko abinci ya ƙi wucewa, kar ki jira watan, ki tafi asibiti ranar.