Zan kwana a tsaunukan Yellowstone, me zan yi idan na haɗu da beyar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan asalin Zariya, ina karatun digiri na biyu a jihar Montana ta ƙasar Amurka. Abokan karatuna uku sun gayyace ni tafiyar ƙasa ta kwana huɗu cikin tsaunukan gandun dajin Yellowstone a farkon watan Satumba, kowa zai goya jakarsa da guzurinsa, mu riƙa kwana a tanti. Na amsa musu, amma tun ranar da na hango wata beyar da 'ya'yanta biyu daga cikin mota, tana tonon ƙasa a gefen titi kamar mai haƙa da fartanya, hankalina bai kwanta ba. Wani ya ce idan na haɗu da ita in hau bishiya, wani kuma ya ce in kwanta in yi kamar na mutu. Wanne ne daidai? Sannan na yi niyyar tafiya da kilishin da na haɗa da kaina, kuma ba na so sallar asuba ta wuce ni. Ko dai in janye ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ban ga dalilin da zai sa ka janye ba, amma kuma ba zan ce ka daina jin tsoro ba, domin an ce tsoro na daji, kunya na gida. Tun daga 1872 da aka kafa gandun Yellowstone, mutum takwas ne hukumar wurin ta lissafa cewa beyar ta kashe a cikinsa, alhali waɗanda ruwa ya ci da waɗanda suka faɗa maɓuɓɓugan ruwan zafi sun fi haka yawa, kuma miliyoyin mutane ne ke zuwa wurin kowace shekara. Abin da ya fi damuna game da kai shi ne ba mu tashi da sanin wannan dabba ba. Babu beyar a dazuzzukan Afirka a yau, wadda aka taɓa samu a tsaunukan Atlas ma ta ƙare tun ƙarni na 19, saboda haka abin da jiki zai ba ka a lokacin firgici shi ne gudu, gudun kuwa shi ne babban kuskure. Beyar tana iya yin gudun da ya kai kilomita 55 a awa ɗaya, a hawa ko a gangara, babu ɗan Adam ɗin da zai tsere mata, kuma ganin abu yana gudu yana zuga ta ta bi shi.

Batun hawa bishiya ka ajiye shi gefe. Iri biyu ne a Yellowstone, girizili da baƙar beyar, kuma ita baƙar gwana ce wajen hawa, girizilin ma tana iya biyo mutum sama. Dole ne ka iya bambance su, kuma kada launi ya ruɗe ka, domin baƙar beyar takan zo ja-ja ko ruwan ƙasa. Girizili tana da tozo a kafaɗa kamar na sa, fuskarta ta ɗan lotsa tsakanin goshi da hanci, kunnuwanta gajeru ne, faratanta dogaye. Baƙar ba ta da tozo, fuskarta a miƙe take, kunnuwanta kuma sun fi tsayi. Wadda ka gani tana tono, idan ka tuna da tozo yana motsi a kafaɗarta, to girizili ce, kuma uwa mai 'ya'ya ita ce wadda aka fi jin tsoron a yi kiciɓis da ita.

Yanzu sai batun kilishi, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci a wasiƙarka, ko da yake a ƙarshe ka kawo shi. Beyar da hancinta take rayuwa, jin ƙamshinta ya fi na kare nesa ba kusa ba, kuma watan Satumba lokaci ne da take ci ba ƙaƙƙautawa domin ta tara kitsen da za ta yi dogon barcin hunturu da shi. Nama busasshe da ya sha labu da yaji, ƙamshinsa yakan ratsa leda ya kama jaka da tufafi. Ba na cewa kada ka tafi da shi, amma ya zama haramun ne ya shiga tantinka, ko da yanka ɗaya ne a aljihu. Ƙa'idar gandun ita ce a rataye duk abin da ke da ƙamshi a sama, aƙalla mita uku daga ƙasa da fiye da mita ɗaya daga jikin itace, ko a kulle shi a mazubi na musamman wanda beyar ba ta iya buɗewa, sannan wurin kwana ya yi nisan kimanin mita 90 daga wurin girki da ajiyar abinci. Wuraren kwana na cikin daji, waɗanda sai da takardar izini ake sauka a cikinsu, akasari suna da gungumen da aka gitta a sama domin wannan aiki, ku dai ku tafi da igiya mai ƙwari da ta wuce mita goma. Abin da za a rataye ya haɗa da shara, da tukunya da cokali, da man goge baki, da sabulu, da man shafawa, da rigar da aka yi girki da ita. Ina ƙara maka da abin da abokan tafiyarka ba za su tuna ba, wato turare. Ka bar shi a gida, kuma idan sallayarka ta sha turare kamar yadda tamu takan sha, ka wanke ta sosai ko ka nemi wani ƙyalle mai tsabta.

Wannan tsanani yana da tarihi. A daren 12 zuwa 13 ga Agusta 1967, a gandun dajin Glacier da ke jihar da kake zaune, girizili biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19 a wurare biyu, abin da ba a taɓa gani ba tun kafa gandun a 1910. Da aka bi diddigi, sai aka ga dabbobin sun saba da cin shara da ragowar abincin mutane har tsoron ɗan Adam ya fita daga ransu. Bayan haka ne aka sauya tsari, Yellowstone ta rufe jujin sharar da ke cikinta wajen 1970, aka kuma tsananta hana ciyar da dabbobi. Beyar da ta ɗanɗani abincin mutane takan yi ta dawowa, ƙarshenta kuma sau da yawa harbe ta ake yi, don haka sakacin mutum ɗaya yana iya jawo wa wanda zai kwana a wurin bayansa bala'i, ya kuma jawo wa dabbar ajalinta.

Game da sallar asuba, babu abin da zai hana ka yin ta a kan lokaci, sai dai ka sani cewa asuba da almuru su ne lokutan da beyar ta fi yawo. Abin da nake guje maka shi ne ka fito kai kaɗai cikin duhu, ka gangara bakin rafi da buta, ka tsuguna kana alwala, ƙarar ruwa ta hana ka jin motsi, ita ma ta hana dabbar jin zuwanka, sai dai ku ga juna a tazarar taku goma. Ka cika gorarka tun da yamma tare da abokanka, ka yi alwala kusa da tanti, ka haska tocila ko'ina kafin ka fito, ka yi gyaran murya da ƙarfi, kuma gwangwanin feshin barkono na korar beyar yana gefen sallayarka. Haka ma a kan hanya, ku huɗun ku riƙa tafiya a dunƙule kuna magana da ƙarfi, musamman a kwana da cikin duhuwa, domin yawancin harin girizili daga ba-zata yake tasowa. Idan kuka ji warin mushe ko kuka ga hankaki sun taru a wuri ɗaya, ku canja hanya, mai yiwuwa tana kwance kusa tana gadin namanta.

Idan duk da haka kuka haɗu, ka tsaya cik, ku matso kusa da juna, ka yi magana a hankali domin ta gane mutum ne, sannan ku riƙa ja da baya kuna fuskantar ta. Miƙewarta a kan ƙafafun baya neman sanin ko mene ne take yi, ba shirin kai hari ba ne. Wani lokaci takan taho a guje sannan ta ja birki ko ta kauce, a nan ne ake bukatar dauriya da feshin barkono. Wani bincike da masanin namun daji Tom Smith da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 kan abubuwan da suka faru a Alaska ya nuna cewa kashi 98 cikin ɗari na waɗanda ke ɗauke da wannan feshi sun tsira ba tare da rauni ba a haɗuwar kusa da kusa. Ana cire makarin da ke kan gwangwanin, a riƙe da hannu biyu, a saita ƙasa-ƙasa a gabanta, a fesa tun tana da ɗan nisa domin ta kutsa cikin hayaƙin.

Shawarar yin kamar ka mutu tana da wurinta guda ɗaya, wato idan girizili da kuka firgita ta kai ga taɓa ka. A nan sai ka kwanta rub da ciki, jakarka tana bayanka, ka sarƙe yatsunka a ƙeya, ka ware ƙafafu don kada ta birkice ka, ka yi shiru har sai ka tabbata ta yi nisa, domin ita kawar da barazana take son yi. Amma idan baƙar beyar ce ta far maka, ko kuma kowace iri ce ta riƙa bin sawunka a hankali, ko ta faɗo tanti cikin dare, to abinci ta ɗauke ka, kuma kwanciya halaka ce. Ka yi faɗa da duk abin da hannunka ya kai gare shi, dutse ko sanda, kana nufin fuska da hanci.

Kowannenku ya sayi nasa gwangwanin feshin barkonon, ya duba ranar da zai lalace, ya ɗaura shi a ƙugu ko a ƙirji, ba cikin jaka ba, ya kuma gwada zaro shi har hannu ya saba. Kada a fesa shi a jikin tanti ko tufafi da sunan rigakafi, domin ƙamshin da ya saura yana iya jawo dabbar, kuma ba a shiga jirgin sama da shi. Lokacin karɓar takardar izini, ka tambayi ma'aikatan gandun inda aka ga beyar a 'yan kwanakin da hanyoyin da aka rufe. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.