RSS na manyan kafafe zai ƙaro wa shafinka maziyarta kuwa?

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka daidai, ka buɗe shafin labarai da Hausa a WordPress, manhajar gina shafukan intanet, mutane ba sa shigowa, sai wani ya ba ka shawarar ka jona RSS na manyan kafafe irin su BBC Hausa da DW, labaransu su riƙa zubowa shafinka da kansu, wai hakan zai jawo jama'a. Na daɗe ina gina wa mutane shafuka, kuma kusan duk mai sabon shafin labarai sai ya zo mini da wannan maganar.

Gaskiya ba ya kawo sabon mutum. Yana da amfani, amma ba a nan amfaninsa yake ba.

RSS ba sabon abu ba ne, tun 1999 yake, kamfanin Netscape ne ya fara fito da shi. Fayil ne kawai da shafi yake fitarwa, ɗauke da kanun labaransa na baya-bayan nan, da mahaɗin kowane labari, da ranar da aka buga shi, wani lokaci da ɗan taƙaitaccen bayani. Duk shafin da ke kan WordPress yana da shi, ka ƙara /feed a ƙarshen adireshin za ka gani. To ka ga, abin da za ka jawo, duk wanda ya so zai iya jawowa, kuma asalinsa yana can a gidan masu shi. Idan mutum ya nemi wani labari a Google, wa za a nuna masa? Kafar da ta fara bugawa, mai wakilai da suna da shekaru a aiki, ko kai da ka kwafo bayan minti 20? Kamar kasa ruwan sayarwa ne a bakin rijiya.

Ba ma rashin fitowa a bincike kaɗai ba. A ƙa'idojin Google, kwaso rubutun wasu a zuba ba tare da an ƙara komai ba yana cikin abin da suke ɗauka a matsayin shara, kuma a watan Maris na 2024 sun ƙara tsanantawa kan shafukan da ake cikawa da tulin rubutu don kawai a hau saman bincike. Idan kuma burinka AdSense ne, wato tsarin Google na sa talla a shafi a biya mai shi, wanda na san shi ne burin yawancinmu, irin wannan shafin ne ake mayarwa da cewa abin cikinsa ba shi da wata ƙima. Ga kuma haƙƙin mallaka. Kafa ta buɗe RSS ɗinta ba yana nufin ta ba ka labarinta ka buga ba ne. Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma tun kafin a je kotu, takardar ƙorafi ɗaya zuwa ga kamfanin da ka kama wa shafinka masauki tana iya sa a dakatar da kai.

Akwai wani shafi da aka kawo mini gyara. Mai shi ya jona kafafe da yawa, ya saita manhajar ta riƙa kwaso labari kowane 'yan mintuna. Da na buɗe, labari ɗaya na hatsarin mota ya fito sau huɗu a jere, kowane da nasa kan labarin daban. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma alamar tambaya, "ƙasa" ta zama "?asa", saboda ba a daidaita ma'ajiyar shafin a kan UTF-8 ba, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta gane irin waɗannan haruffa. Rabin hotunan ba sa buɗewa, don masu su sun toshe jawo hoto daga waje. Shafin kuma ya yi nauyi, ga shi ƙaramin masauki mai araha ya kama. Ka tuna mai karatunka yana riƙe da ƙaramar waya ne yana lissafin data. Idan shafi ya tsaya yana juyi, ya fita ke nan, ba zai dawo ba.

Inda na ga yana aiki shi ne gefen shafi. Ka sa ɗan akwati mai kanun labarai biyar ko shida, kowane yana kai mutum can wurin masu shi, da sunan kafar a fili. WordPress yana da wannan a cikinsa ba sai ka ɗora komai ba, Blogger, dandalin Google na buɗe shafi, ma haka. Idan kana son haɗa kafafe da yawa a akwati ɗaya, ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a WordPress irin su WP RSS Aggregator ko Feedzy suna yi. Wannan yana sa wanda ya riga ya shigo ya ga shafin da rai ko ranar da ba ka rubuta komai ba. Iyakarsa ke nan.

Amfanin da ya fi wannan, naka ne kai marubuci. Ka buɗe manhajar karanta RSS irin su Feedly ko Inoreader, ka tara kafafen da kake bi, da safe ka duba abin da ake ciki a wuri ɗaya. Daga nan sai ka rubuta abin da su ba za su rubuta ba. An ce an ƙara kuɗin mai? Kowa zai buga. Amma nawa ɗan adaidaita yake karɓa yau daga Kabuga zuwa Bata a Kano, nawa buhun masara ya koma a Dawanau wannan makon, wannan ba kowa yake da shi ba, kuma mutane suna nemansa. An buɗe rajistar JAMB? Ka yi bayaninta da Hausa tiryan-tiryan, yadda uban da bai yi boko ba zai gane abin da ɗansa yake buƙata. Irin waɗannan ne na ga suna ta kawo mutane watanni bayan an rubuta su.

Sai kuma ka juya abin: naka RSS ɗin ya fita waje. Mutanenmu ba sa amfani da manhajar karanta RSS, ko a ƙasashen Turawa ma kasuwarta ta ja baya tun da Google ya rufe tasa, Google Reader, a 2013. Amma za ka iya jona RSS ɗinka da tashar Telegram ko shafinka na Facebook ta manhajoji irin su IFTTT, duk abin da ka buga ya tafi da kansa. Na WhatsApp kuwa, ni da hannu nake turawa, da layi biyu na bayani a sama, don an fi dannawa. Kafin ka yi haka, ka shiga saitin karatu na WordPress ka zaɓi taƙaitawa maimakon cikakken rubutu, in ba haka ba wani zai kwashe naka kamar yadda aka ba ka shawarar ka kwashe na wasu.

Ka yi rajistar shafin a Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da mutane suke rubutawa har su iso gare ka. Kuma ka faɗa mana garin da kake da fannin da ka fi sani, wasanni ne ko Kannywood ko harkar noma, sai mu ga kafafen da suka dace ka bi. Allah ya ba da sa'a.