Amsa ga ɗan'uwan da kafaɗarsa ta goce sau biyu a judo

Salam ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga ka ce shekararka 23, kana judo na sha'awa, kafaɗar dama ta goce karo na biyu cikin wata takwas, kana tambaya ko ka ci gaba da fisiyo ne, wato gashi da motsa jiki na asibiti, ko ka yarda a yi maka aiki. Toh ni dai tawa sau huɗu ta fita kafin na yi hankali, bari in ba ka labari.

Na farko ina ɗan 21, an kayar da ni hannuna yana sama ya murɗe ta baya, na ji ƙas, shi ke nan hannu ya ƙi sauka. Aka mayar min a asibiti, na rataye shi sati biyu, ciwo ya tafi, ni kuma da ƙuruciya na ɗauka na warke, sati biyar na koma atisaye. Wallahi kuskuren da ya fi cutar da ni kenan, domin ciwon yana riga abin da ya yage a ciki warkewa, wani lokacin ma abin ba ya komawa mazauninsa sam. Ta uku ina barci ta fita, ta huɗu kuwa hannu kawai na miƙa kujerar baya a mota zan ɗauko jaka, ka ji fa.

Abin da likitan ƙashi ya nuna min a hoton MRI, wanda yake nuna tsoka da guringuntsi, shi ne, ramin da kan ƙashin hannu yake zama a ciki ba shi da zurfi, akwai wani guringuntsi da ya zagaye bakinsa yana riƙe shi, idan kafaɗa ta goce ta gaba, wanda shi ne kusan duk gocewar da ake samu, wannan guringuntsin ne yake ɓallewa. Sunan raunin Bankart, sunan wani likitan Ingila ne da ya yi bayaninsa a 1923. Eksire ba ya nuna shi, ƙashi kawai yake gani, shi ya sa za a ce maka babu karaya ka tafi gida kana murna. Kuma duk fita ɗaya tana ƙara cinye bakin ramin tana lotsa kan ƙashin hannun. Da na je da wuri da ɗinkin guringuntsin kawai za a yi ta 'yan ƙananan huda da kyamara, amma da na tsaya jan ƙafa ƙashi ya ci sosai, sai aka yi min Latarjet, aikin da wani likitan Faransa ya fito da shi a 1954, a yanko ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa a ɗaure shi da sukurori biyu a bakin ramin. Galibi in cin ƙashin ya kai wajen kashi 20 cikin 100 can ake nufa, kuma hoton CT, wanda yake fito da ƙashi dalla-dalla, shi ne yake auna shi da kyau.

Ba ina raina fisiyo ba ne fa, ko an yi aikin ma shi ne rabin maganin. Tsokoki huɗun nan da suke riƙe kan ƙashin da na bayan allon kafaɗa dole a ƙarfafa su da robar nan mai talewa da ake ja, kullum, ko da kana jin abin wasan yara ne. Wanda ya haura 30, sau ɗaya ta fita, ba zai koma wasan gwabzawa ba, fisiyo na iya isar sa. Amma mai shekarunka da yake son komawa a riƙa fizgar hannunsa, sau biyu kuma ta riga ta fita, gaskiya ni a ganina ka yi MRI yanzu ka zauna da likitan ƙashi ku yi maganar tiyata da gaske. Allurar kashe kumburi da wani ya ba ka shawara tana rage zafi ne kawai, ba ta ɗinke komai.

Bayan aikin na yi wajen wata guda hannu a rataye, barci a jingine saboda kwanciya ba ta yiwuwa, ɗaga ƙarfe sai bayan wata uku, faɗuwar judo kuma sai da na cika wata shida. Har yau hannun ba ya juyawa waje kamar na hagu, na rasa kaɗan, amma shekara bakwai kenan ba ta sake fita ba.

In ta sake gocewa kafin nan don Allah kar ka bar abokan atisaye su ja maka ita, wani lokacin akwai karaya tare. Sannan ka shafa gefen dantsenka daga sama, in ka ji wurin ya mutu ko yatsu suna yi maka kamar tafiyar kiyashi, ka faɗa wa likitan tun a zuwan farko, akwai jijiyar da take bi ta wurin.