Manhajar Littafi Mai Tsarki ta waya tana ɓoye min ayoyi, ko ta lalace ne?

Tambaya: Salama ɗan'uwa. Ni ina koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata a nan Narayi, ɗana ne ya sa min manhajar a waya. Amma idan na rubuta kalma a wurin bincike kamar kauna sai ta ce babu, ranar Laraba kuma wata ta karanta Matiyu 17:21 a nata littafin ni kuma nawa daga 20 ya tsallake zuwa 22, kunya ta kama ni a gaban mata. Sannan duk bayanan da na rubuta na wata uku sun ɓace bayan an gyara min wayar. Ko in goge ta in koma takarda kawai?

Amsa: Salama Mama, sannu da hidima, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Kada ki goge ta dan Allah. Abu biyu daga cikin ukun da kika faɗa ba lalacewa ba ne sam, na ukun ne kawai ya ba ni tausayi sosai, zan zo kansa.

Mu fara da kauna ɗin. Kinga a Hausa muna da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, mu idan muna tura saƙo a WhatsApp ba mu damu ba, k ɗin Turanci muke dannawa kowa ya gane, amma ita manhaja ba ta da wannan hankalin, a wurinta k daban ƙ daban kamar yadda harafin a da harafin z suke daban. A cikin Littafi an rubuta ƙauna ne da ƙ, ke kuma kin nema da k, shi ya sa ta ce miki babu. Maganin mai sauƙi ne, idan kibod ɗinki Gboard ne ki shiga saitinsa wajen harsuna ki ƙara Hausa, daga nan haruffan za su samu, ko a fili ko idan kin danna k kin riƙe. Haka ɗan Allah, haka ɓata, haka ƙarfi. Wani abin kuma da mutane ke mantawa, ki duba wace fassara ce a buɗe kafin ki yi bincike, in KJV ce a sama ko ki rubuta ƙauna sau goma ba za ta fito ba tunda Turanci ne a ciki. Kuma fassarorin Hausa ma ba ɗaya ba ne. Akwai tsohuwar ta 1932 wadda Dakta Walter Miller na Wusasa nan Zariya ya yi aiki sosai a kanta, akwai wadda aka fi riƙewa a coci-coci yanzu, ga kuma Sabon Rai Don Kowa. Wata ta ce Yahaya wata ta ce Yohanna, to in kin nemi kalma ba ki samu ba ki gwada 'yar'uwarta, kuma ki rage kalmomi, biyu sun isa, kada ki rubuta ayar gaba ɗaya daga ka domin kalma ɗaya ta sha bamban shikenan ba za ta kawo komai ba.

Yanzu Matiyu 17:21, nan ne nake so in daɗe kaɗan domin wannan abin yana tayar da hankalin mutane fiye da kima. Na taɓa ganin wani dattijo a bayan coci bayan sujada ya riƙe wayar jikansa da hannu yana rawa, yana cewa Turawa sun fara cire maganar Allah aya-aya, sai da muka zauna a kan benci na buɗe masa na nuna masa ƙaramin harafin da ke ƙarshen aya ta 20, na ce Baba danna nan, ya danna, sai ga ayar ta fito a ƙasa da bayaninta. Ke ma ki duba, in fassarar Turanci irin NIV kike karantawa za ki ga wata 'yar alama a wurin, ki taɓa ta. Dalilin shi ne, KJV da aka buga a 1611 an fassara Sabon Alkawarinta daga rubutun Girkanci da ya samo asali daga aikin wani masani mai suna Erasmus na 1516, shi kuwa 'yan kofe kaɗan ne na hannu ya samu kuma ba tsofaffi sosai ba. Daga baya aka samo waɗanda suka fi tsufa nesa ba kusa ba, kamar wanda aka samu a gidan sufaye da ke gindin Dutsen Sinai a ƙarni na 19, wanda aka rubuta tun ƙarni na 4. To a wasu daga cikin tsofaffin nan wannan ayar ba ta cikin Matiyu, amma magana mai kama da ita tana nan a Markus 9:29, shi ya sa sababbin fassarori suke sa ta a ƙasan shafi ko cikin baka. Lambobin ayoyi kuwa ba manzanni ne suka sa ba, wani mai ɗab'i Robert Estienne ne ya raba Sabon Alkawari aya-aya a 1551, don haka masu fassara ba sa son su sake lissafin, sai su bar lambar ta tsallake. Za ki ci karo da irin wannan a Matiyu 18:11, Markus 7:16, Yahaya 5:4 da Ayyukan Manzanni 8:37. Ni shawarata Mama, ranar Laraba mai zuwa ki faɗa wa matan wannan da bakinki, gara su ji daga wurinki da su ji a bidiyon wani da yake son ya tsorata su. Kuma ki riƙa buɗe fassara biyu gefe da gefe tun a gida, manhajar YouVersion tana da wurin kwatanta fassarori idan kin taɓa aya.

To maganar bayananki da suka ɓace. Gaskiya abin ya taɓa ni, wata uku na shiri ba wasa ba ne. Ki fara gwada wannan kafin ki fid da rai, ki tambayi ɗanki ko ya yi miki rajista da imel lokacin da ya sa manhajar. In YouVersion ce kuma an yi rajista, bayanan da ayoyin da kika shafa wa kala suna ajiye a asusunki ba a wayar kaɗai ba, da kin sake shiga da wannan imel ɗin za su dawo, sau da yawa mai gyara ya yi wa waya fomat ne mutum ya buɗe sabon asusu bai sani ba sai ya ga wayam. Amma in irin su MySword ce, ita a cikin wayar take ajiye kayanta, in an share wayar ba a kwafe ba to da wuya su dawo, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga yau ki rubuta imel ɗin da kalmar sirrin a bangon cikin Littafinki na takarda, kuma duk ƙarshen wata ki kwafe abin da kika rubuta ki tura wa kanki ko ki sa a Google Drive. Sannan kafin ki miƙa waya ga mai gyara ki ce masa kada ya yi fomat sai ya gaya miki. Ki yi hankali kuma da manhajojin nan masu cewa za su share miki datti memori ya ƙaru, wani lokaci har da abin da ba datti ba suke kwashewa.

Ba ki tambayi wannan ba amma na san zai zo, ranar da babu data ko sabis ya ɗauke a tsakiyar koyarwa. Sa manhaja a waya daban, sauke fassarar daban. Ki shiga jerin fassarori ki danna alamar saukewa a gefen wadda kike so tun kina da data, bayan nan ki kashe data ki gwada buɗe Zabura da Romawa ki tabbatar. Rubutu ba ya cin wuri sosai, murya ce mai cin data da memori. In kuma karatun murya yana yankewa da zarar fuskar waya ta mutu, yawanci tsarin tattalin batir ne yake kashe ta, a saiti za ki cire manhajar daga cikin waɗanda ake takurawa.

Abu ɗaya kuma tunda ke malama ce. In ɗanki yana da laftof mai Windows ya sa miki manhajar e-Sword, kyauta ce tun shekarar 2000 kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauke. A ciki akwai KJV mai ƙananan lambobi a gefen kalmomi, lambobin James Strong ne na littafinsa na 1890, H na Ibrananci G na Girkanci, kin danna lamba sai ta nuna miki asalin kalmar da duk inda ta fito. Yana da amfani ƙwarai amma ina roƙonki kada ki gina koyarwa a kan lamba ɗaya. Misali mutane suna son su ce kalmar ƙauna mai lamba G25 ita ce ƙaunar Allah, mai lamba G5368 kuma ta mutane ce kawai saboda Yahaya 21, amma ki duba Yahaya 3:35 da 5:20, duka biyun Uba ne yake ƙaunar Ɗan, a ɗaya an yi amfani da ta farko a ɗayan ta biyu, kuma a 2 Timoti 4:10 Dimas da ya ƙaunaci duniya G25 ɗin ce aka sa. Don haka ki karanta surar duka tukuna, sannan ki leƙa lambar.

In kin gwada shiga da imel ɗin bayanan ba su dawo ba, ki sake rubuto min sunan manhajar daidai yadda yake a fuskar wayar da irin wayar, kada ki sa komai sabo a cikinta tukuna, mu ga ko akwai abin da ya rage a ciki.